Cire talabijin ɗin baya a BMW 750Li: a zare fulogi kawai, ko sai an taɓa kwamfuta?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu aikin wayar mota, musamman 'yan Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame a Kumasi.

Motar BMW 750Li ce ƙirar 2011, 'yar Amurka, ta tashar jirgin ruwa ta Tema ta shigo. Tana da allo biyu a bayan kujerun gaba, da akwatin faifai a ƙasan maɓallan esin baya, da maɓallin juyawa a majinginin hannu na kujerar baya. Allon hagu ya mutu gaba ɗaya. Na dama yana kawowa, amma da an matsar da kujera sai ya ɗauke. Faifan da ake sayarwa a kasuwar Kejetia ma ba ya karɓar wasunsu. Ba mai amfani da su, yara ne kawai ke taka su da ƙafa.

So nake a cire su baki ɗaya, bayan kujerun ya koma kamar ba a taɓa sa komai ba. Idan an kwance allunan an zare fulogi, allon gaba da sauti za su ci gaba da aiki? Akwatin faifan a bar shi ko a fid da shi? Ramukan da za su rage fa, yaya ake yi da su? Sannan batir yana sauka idan motar ta kwana uku ba a tada ta ba, ko da alaƙa da wannan? Wani fita, wato makaniki, ya ce a datse wayoyin kawai a naɗe da tef, aikin minti ashirin ne.

Mai Waya Suame:

Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya ce a datse wayoyin, kada ka bar shi ya buɗe ƙofar motar ma.

Abu uku ne a tsarin, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai allunan, akwai akwatin faifan da BMW ke kira RSE, akwai maɓallin juyawa. Allunan ba su da hannu a sautin motar, hoto kawai suke karɓa daga akwatin. Za ka iya cire su sauti bai ko girgiza ba. Akwatin shi ne mai haɗari, domin yana kan zoben wayar haske, zan bar wa masu kwamfuta su yi bayaninsa. Ni allunan zan yi magana a kai.

Kafin a taɓa batir, a fara da abubuwan da sai da wuta ake yin su. A fid da faifan da ke cikin akwatin idan akwai. A tura kujerun gaba, a ɗaga su sama iyakarsu, a ɗan rusunar da bayansu gaba, saboda da zarar an cire batir ba za su sake motsi ba. A sauke gilashi ɗaya. A buɗe but, a ɗora tsumma a kan makullinsa yadda ba zai rufu ba, don batir ɗin a ƙarƙashin daɓen but yake, kuma but ɗin da lantarki yake buɗewa. Idan ya rufe bayan an cire wuta, sai an nemo wani batir an ba motar wuta ta kawunan da ke wajen inji kafin a koma ciki.

Sifana mai lamba 10, a kwance kan nagetif shi kaɗai. A jikin kan nan akwai ƙaramar na'urar da ke auna cajin batir, da siririn fulogi a gefenta. Ba a buga ta da guduma, ba a sa mata sukudireba a ɗaga. A sassauta notin, a murɗa da hannu ya fito, a naɗe shi da tsumma kada ya koma ya taɓa. Sai a jira minti goma zuwa sha biyar.

Dalilin duk wannan: a cikin bayan kujerar akwai jakar iska ta gefe, kuma matashin kan wannan mota irin wanda ke zabura gaba ne idan an doki mota ta baya, da ƙaramin harsashin gas yake aiki. Duk fulogin da ka gani rawaya a kujerar nan nasu ne. Ba a zare shi, ba a sa masa mita, ba a sa masa fitilar gwaji. Wannan aikin bai buƙaci a taɓa ko ɗaya ba. Idan wani ya zare kuma aka kunna mota a haka, fitilar jakar iska za ta kama, kuma ko an mayar da fulogin ba za ta mutu ba sai an goge da na'ura.

Kayan aiki: saitin Torx, musamman T20, T25 da T30, da abin ɓalle roba na leda. Sukudireba mai faɗi ba ta shiga wannan aiki, tana barin tabo a fata. A tanadi mutum na biyu.

A karkata allon iyakarsa, za a ga murfin roba da ya rufe maƙalin. A ɓalle shi a hankali daga gefe, kusoshin suna ƙarƙashinsa. Mutum ɗaya ya riƙe allon yayin da ake kwance ta ƙarshe, domin wayar gajera ce, idan nauyin allon ya rataya a kanta fulogin hoton ne ke fara karyewa. Kowane fulogi yana da harshen kulle. A danna harshen, a ja jikin fulogin, ba wayar ba. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki.

Daga nan sai marfin bayan kujerar. A laluba gefen ƙasa tukuna a ga ko akwai kusa ɓoyayya, sannan a fara ɓallewa daga ƙasa. Inda ya ƙi fita, akwai abin da ba a kwance ba, ƙarfi ba zai fid da shi lafiya ba. Robar motar da ta sha ranar ƙasar nan sama da shekara goma ta bushe, kilif biyu ko uku za su karye ko da hannunka na da taushi, don haka a sayi kamar goma a ajiye tun kafin a fara. Ƙarfen da allon ke zaune a kai a jikin ƙashin kujerar yake ɗaure, shi ma a kwance shi. Wasu suna barinsa su rufe da fata. Wannan ƙarfen daidai fuskar wanda ke zaune a baya yake, ranar da aka taka birki da ƙarfi za a san an yi kuskure.

Yanzu maganar datse waya. A fulogin allon, ban da wuta da ƙasa, akwai wayoyi biyu murɗaɗɗu da juna. Layin K-CAN ne, kuma ba na allon shi kaɗai ba ne: kujeru, esi, allon gaba da maɓallin juyawa na iDrive duk a kansa suke magana. Idan aka datse aka naɗe su tare da wayar wuta, tef ɗin leda na kasuwa zai narke cikin zafin mota, bakunan su haɗu. Ran nan esi zai ƙi amsawa, gobe kujera, jibi allon gaba ya mutu, kuma ba wanda zai tuna da bayan kujera. Za a yi ta canja kayan da lafiyarsu ƙalau. A bar fulogan yadda suke, a rufe bakin kowanne daban da roba mai tsukewa da zafi ko tef na yadi irin Tesa, a naɗa musu ɗan soso don kada su yi ƙara, a ɗaure su a jikin damin wayar da ke wurin. A nisanta su da haƙoran da ke kwantar da kujera, da fankar sanyaya kujera, da gefen da jakar iska ke fita. Bayan an mayar da batir, kafin a rufe marfin, a kai kujerar gaba da baya, sama da ƙasa har iyakarta, ana kallon wayar.

Wani abu Alhaji. Allon da ke ɗaukewa idan an motsa kujera, yawanci lafiyarsa lau, wayar ce ta karye a ciki inda take lanƙwasa a ƙarƙashin kujera. Kafin a ajiye su, a gwada allon hagu a wayar dama, na dama a wayar hagu. Ta haka za ka san wanne ne matacce da gaske, don mai aiki yana da masu nema a Magazin.

Idan an tsaya a nan, allon gaba, rediyo, waya, kyamarar baya duk za su yi aiki. Kwamfuta za ta rubuta a cikinta cewa allunan baya ba sa amsawa, amma sai an sa na'urar gwaji ake ganin wannan. Agogo ne kawai za a saita, wani lokaci da gilasai.

Kodin Nima:

Sannu da ƙoƙari Masta, bayanin ya cika. Bari in ɗora daga akwatin.

Alhaji, a motar nan kayan sauti ba da wayar tagulla suke magana da juna ba. Da zaren roba suke yi, mai kaurin milimita 1, wanda jan haske ke bi ta cikinsa. Sunan tsarin MOST. Hasken yana fita daga babbar na'urar gaba, wadda a ƙirar 2011 CIC ce, ya shiga akwati na farko, shi kuma ya karɓa ya sake haska shi zuwa na gaba, har ya zagayo ya dawo inda ya fito. Hanya ɗaya yake bi. Kamar carbi ne, ko a ina zaren ya tsinke duk ya zube. Waɗanda ke kan zoben sun danganta da kayan da aka sa wa motar: amfilifaya babba, akwatin wayar tarho, mai canja faifai, akwatin rediyon tauraron ɗan adam na Amurka, da RSE ɗin da muke magana.

Saboda haka idan aka zare akwatin aka bar fulogin hasken a rataye, sauti zai ɗauke ko ya riƙa yankewa, Bluetooth ya ɓace, ƙarar na'urar fakin da ƙarar gargaɗi su ma su tafi, tunda ta lasifikokin motar suke fita. Cire masa fiyus ma haka yake, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Akwatin da ba shi da wuta ba ya miƙa haske gaba. Mutum zai ce ai ban cire komai ba, fiyus ɗaya na zare, alhali ya kashe zoben.

Maganin ɗan ƙaramin fulogi ne mai zare guda a lanƙwashe, wanda ke karɓar hasken daga bakin shiga ya mayar da shi bakin fita. Masu kayan BMW da Benz a kasuwar Abossey Okai ta Accra sun san shi, ka ce musu lup na fayiba. Akwai namiji akwai mace, don haka a ɗauki hoton fulogin motar kafin a je saye. Idan an sa shi, a lura da abu uku. Zaren ba ya son lanƙwasa mai tsanani, kada gwiwar ta fi ta da'ira mai faɗin santimita 5 matsewa, in ya karye a ciki daga waje ba a gani. Ba a matse shi da igiyar roba. Bakinsa kuma ba a taɓa shi da yatsa, ba a barinsa a buɗe, ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta rage hasken har sauti ya riƙa tsalle. Gwajin ido yana da sauƙi: a buɗe ƙofa motar ta farka, a leƙa fulogin, ɗaya daga cikin bakuna biyun zai nuna jan haske. Idan babu haske ko kaɗan, matsalar tana can baya da wannan wuri, ba RSE ba ne.

Lup yana rufe zoben, amma motar tana da jerin sunayen waɗanda ya kamata su kasance a kai, kuma za ta ci gaba da neman wanda ya ɓace. A nan kodin ke shigowa. Kowace BMW tana ɗauke da jerin lambobin kayan da aka sa mata a masana'anta. Talabijin ɗin baya 6FG ne ko 6FH; tunda taka tana da maɓallin juyawa a majinginin hannu, 6FH ce. Da manhajar E-Sys da wayar ENET mai haɗa kwamfuta da mota ake karanta jerin, a adana kwafinsa na asali a fayil, a cire lambar, a rubuta sabon jerin a motar, sannan a yi wa CIC da ZGM, akwatin da ke haɗa layukan motar, kodin da shi. Bayan haka da ISTA, manhajar gwajin BMW, ake adana sabon tsarin zoben a goge tsofaffin kurakurai. Menu na kujerar baya zai ɓace daga allon gaba.

Gargaɗi biyu. Na farko, wannan irin kodin yana mayar da akwatin yadda masana'anta ta tsara shi bisa jerin, wato duk wani gyaran hannu da aka taɓa yi wa CIC bayan motar ta iso zai goge. A adana saitin da ke ciki tukuna. Na biyu, wuta. Ana buƙatar caja mai riƙe motar tsakanin volt 13 da 14 duk tsawon aikin, kwamfutar hannu kuma batirinta a cike. Idan unguwar ana dumsor, wato ɗauke wuta, a jira ko a tada janareta. Ba a fara rubutu a ZGM da batirin da aka riga aka ce yana sauka, domin ta cikinsa duk layukan motar ke haɗuwa.

Batun saukar batir kuwa, kada a ɗora wa RSE laifi sai an auna. Yana iya zama shi, idan yana farkar da zoben ko ya ƙi barci, amma masu laifi a wannan mota suna da yawa. A sa mitar da ake maƙalawa a jikin waya, mai auna DC, a kan wayar nagetif. A bar but a buɗe amma a tura harshen makullinsa da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe yake. A kulle, a kai makullin motar nesa, domin idan yana kusa hannayen ƙofa za su riƙa farkar da ita. A jira aƙalla minti talatin. Injin motar nan, N63, yana da famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da aiki bayan an kashe mota don sanyaya tarbo, wanda ya auna da wuri zai ga lamba mai tsoratarwa ba gaira ba dalili. Motar da ta yi barci sosai ƙasa da miliamp 50 take ja. Abin da ya wuce 80 ya zauna a haka, akwai mai ido biyu. ISTA yana da gwajin wuta da ke nuna tarihin farkawar motar da wanda ya hana ta barci, ya fi zare fiyus ɗaya-ɗaya.

A kuma duba batir ɗin kansa. AGM, wato irin wanda ba ruwa a sake cikinsa, ya kamata ya zama, kuma duk sanda aka canja sai an yi masa rajista a kwamfuta. Da yawa ana sa musu batir na ruwa ba rajista, motar ta yi ta caja shi da lissafin tsohon. Irin wannan ko an cire talabijin goma zai sauka.

Faifan Kejetia da yake ƙi, lafiyarsa lau. Na'urar Amurka ta yanki na 1 ce, mu nan muna yanki na 5, faifan da aka kulle da lambar wani yanki ba zai buɗe ba.

Baba Tela Asawase:

Salamu alaikum. Masu waya sun gama nasu, ga na kujera.

Hanya mafi tsabta ita ce a nemo marfin bayan kujera na motar da ba a yi ta da talabijin ba, guda biyu, hom-yus, wato na hannu. Irin wannan mota da ta yi hatsari ta gaba ana samun kujerunta lafiya a Magazin. Amma ɗana, kada ka saya da ido. Kujerun 7 Series iri-iri ne: mai kafaɗa mai lanƙwasa dabam, marar ita dabam, mai fankar sanyi dabam. Ka ɗauki tsohon marfin ka tafi da shi, a jera su a ƙirga wuraren kilif. Launi kuma a duba shi a rana, ba cikin shago ba. Haruffa bakwai na ƙarshen lambar shasi suna fid da lambar launin fatar da irinta, Dakota ce ko Nappa. Ko lambar ta zo ɗaya, rana ta ci wani fiye da wani, shi ya sa ake sayen biyu daga mota ɗaya.

In ba a samu ba, sai a gyara na jikinta. Ana yanka farantin roba mai kaurin milimita 2 ko 3, ya fi ramin faɗi da kamar santimita 2 ta kowane gefe, a manna shi ta ciki. Ta waje a cike ramin ya zo daidai da fuskar marfin, a goge da sanfefa har yatsa ya daina jin gaɓa. Sannan a shimfiɗa soso mai kaurin milimita 3 a kan marfin gaba ɗaya, a ja sabuwar fata a kai. Faci a kan ramin kaɗai ba ya ɓoyuwa, wata biyu za ka ga zanen ramin ya fito. Kuma a yi wa kujeru biyun tare ko da ɗaya ya fi kyau.

Gam shi ne inda aikin ke lalacewa. Gam ɗin takalma da aka saba da shi yana sakewa idan mota ta wuni a rana gilasai a rufe, fatar ta kumbura ta sauko. A nemi mai jure zafi, a shafa fuska biyu, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa kafin a haɗa. A bar shi ya kwana kafin a mayar a mota.

Abu biyu da ba na yarda yaro ya yi a shagona. Ba a ɗaure marfi da doguwar kusa inda kilif ya karye, don bayan robar nan akwai wayoyi da bututun iskar da ke hura majinginin baya. Ba a kuma ɗinki ko manna komai a gefen kujerar na wajen ƙofa, inda aka rubuta alamar jakar iska. Ɗinkin wurin da gangan aka yi shi da rauni don ya yage idan jakar ta tashi.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri, Baba, Masta, da kai ɗan'uwa na Nima. An karanta jerin motar, akwai 6FH da 677. To yanzu a cire akwatin ko a bar shi? Kuma ina tunanin sa wa yara abin riƙe tablet a sandunan matashin kai. Wani maƙwabci ma yana tambaya, tasa Range Rover ce, allon a cikin matashin kai yake.

Mai Waya Suame:

677 ita ce amfilifaya babba, tana kan zoben, ke nan idan zoben ya tsinke ba za ka ji ko tari daga lasifika ba.

Ni ra'ayina a bar akwatin, sai in awo ya kama shi. Ɗan'uwana na Nima ya faɗi yadda ake cirewa daidai, amma ka lissafa abin da ke biyo baya: sayen lup, kuɗin kodin, da rami a bayan konsol wanda sai an nemo masa murfi ko ɗan aljihu daga wata motar. Akwatin da ke zaune lafiya yana barci tare da motar ba ya cin komai, ba ya kuma damun kowa. Ranar da za a sayar da motar, mai saye a nan yana ƙirga talabijin cikin kayan alatu. Idan wayoyi da akwati suna nan, awa ɗaya ta isa a mayar. Don haka allunan, ƙarafan, kusoshin da tsofaffin marafan a sa su a kwali ɗaya, a rubuta hagu da dama, a ajiye inda ba laima. Maɓallin juyawa na baya a bar shi a wurinsa ko an cire akwatin, cire shi rami ne kawai zai ƙara.

A fara da awo. Ƙasa da miliamp 50, a rufe zancen akwati. Idan ya yi sama kuma ISTA ya nuna RSE, a zare fulogansa duka, a sa lup, a sake aunawa washegari. In lambar ta sauka, sai a kai wa mai kodin. In ba ta sauka ba, a mayar da shi a leƙa but ta gefen hagu, inda sauran akwatunan suke. Ruwan damina yana taruwa a wurin, kuma akwatin rediyon tauraron Amurka ba shi da aikin yi a Ghana, shi ma da lup ake tsallake shi.

Abin riƙe tablet a sandunan matashin kai ban ba da shawara ba a wannan mota. Matashin yana buƙatar hanya ya zabura, yana kuma hawa da sauka da injin lantarki, maƙalin zai tokare shi har ƙaramin injin ya ƙone. Yaran su riƙe a hannu.

Kodin Nima:

Na yarda da Masta a kan awo kafin cirewa. Inda na bambanta kaɗan: idan an bar akwatin, a riƙa tuna cewa duk ranar da sauti ya ɗauke ba dalili, shi ne wanda za a fara tsallakewa da lup, tunda yana zaune kusa da ƙafafun fasinja, inda ake zubar da ruwa da lemo. A sayi lup ɗin yanzu a jefa a aljihun mota.

Game da Range Rover ɗin maƙwabci, aikin ya bambanta. Allon da ke cikin matashin kai wayarsa ta cikin sandar ƙarfen take bi ta sauka cikin bayan kujera. Wanda ya ɗaga matashin ya fizge shi kamar na mota gama-gari zai tsinke ta a tsakiya. Sai an buɗe marfin baya an zare fulogin daga ciki, sannan a zaro matashin ana tura wayar tana binsa. Ba a kwaƙule allon a bar rami a matashin, matashin gaba ɗaya ake canjawa da wanda ba shi da allo, kuma ya zama na ƙirar motar, don tazarar sandunan da maƙalinsu ba ɗaya ba ne tsakanin ƙirar L322 da ƙirar L405. Idan ita ma tana da zoben haske, dokar akwati ɗaya ce. Kodin ɗinta a fayil ɗin saitin motar, CCF, ake yi, da manhajar SDD, ko Pathfinder a L405 ƙirar 2017 zuwa sama.

Benz S-Class ma matashin kanta mai zabura ne, suna kiransa NECK-PRO, yana da fulogin kansa wanda idan aka bar shi a zare zai kunna fitilar jakar iska, SRS. Wanda za a sa a madadin dole ya zama mai wannan fulogin. Masu Lexus da Land Cruiser kuma kada su je sayen lup na haske kafin su leƙa bayan akwatin, Toyota ta yi amfani da zoben wayar tagulla a motocinta da dama. A nasu, littafin gyara daƙiƙa 90 ya ce a jira bayan cire batir kafin a kusanci wayoyin jakar iska.

Alhaji, idan an auna ka rubuto mana lambar da mitar ta nuna a minti na 10, na 30 da na 60, da irin batir ɗin da ke ciki da shekarar da aka buga a kansa.